Kujerar Mulki Kayan Aro Ce

Jama'a, mu gaya wa kanmu gaskiya: ma'aunin da muke auna shugabanni da shi a Afirka ya lalace, kuma da hannunmu a ciki.

Shugabannin farko bayan samun 'yancin kai ba waliyyai ba ne. Da yawansu sun kafa mulkin jam'iyya ɗaya, sun ɗaure 'yan adawa. Amma akwai waɗanda suka san kunya. A ƙarshen 1980 Leopold Senghor ya sauka daga mulkin Senegal don kansa, ya miƙa wa Abdou Diouf. Julius Nyerere ya bar kujerar Tanzaniya a 1985 ba tare da soja sun kore shi ba. Cikin waɗanda suka biyo baya, Thomas Sankara ya sayar da motocin Marsandi na gwamnatin Burkina Faso, ministoci suka koma hawa ƙaramar Renault 5. Nelson Mandela wa'adi ɗaya ya yi, ya tafi a 1999.

To, ina muke yau? Ahmadu Ahidjo ya miƙa wa Paul Biya mulkin Kamaru a 1982, Biya kuwa a 2008 ya sa aka goge iyakar wa'adi. Yoweri Museveni na Uganda ya cire iyakar wa'adi a 2005, ya cire ta shekaru a 2017. A Togo da Gabon, uba ya rasu, ɗa ya gaje shi, sai ka ce sarauta. Tazarcen Mamadou Tandja a Nijar da na Alpha Conde a Gini duk juyin mulkin soja suka janyo, a 2010 da 2021.

Ba shugaba ne kaɗai ke yin tazarce ba. Lauya ke rubuta masa gyaran tsarin mulki, 'yan majalisa su ɗaga hannu, malami ya shafa fatiha. Talaka kuma a ɗebo shi a bas, a ɗaura masa atamfa mai hoton shugaba, ya wuni a rana yana kirari saboda kuɗin cefanen kwana ɗaya. Har mun kai matsayin da wanda ya sauka bayan ƙarewar wa'adinsa ake yi masa kallon gwarzo, alhali amana ce kawai ya mayar.

Gyara mai yiwuwa ne. Majalisar Dattawan Najeriya ta yi fatali da yunƙurin ba shugaban ƙasa wa'adi na uku a 2006. A 2024 Majalisar Tsarin Mulkin Senegal ta soke ɗage zaɓen shugaban ƙasa, aka yi zaɓe, ɗan adawa ya ci.

Don haka alƙali ya ji tsoron Allah, malami ya kame bakinsa daga yabon azzalumi, mai ƙuri'a ya daina sayar da ita. Duk wanda ya nemi taɓa wa'adi, ko ɗan jam'iyyarmu ne, ko ɗan garinmu, mu ce masa a'a tun ranar farko.