Tazarar da Ke Tsakanin Alamomin Lissafi

Ɗalibin da ya ba manhajar Maxima lissafi, a layi ɗaya yake rubuta shi, haruffa da lambobi da baka duk a cunkushe. Amsa kuwa da wata siffa take fitowa: lambar sama ta hau kan layi, ta ƙasa ta zauna ƙarƙashinsa, ƙaramar lambar ninki ta ɗare a kafaɗar x. Maxima ta samo asali ne daga Macsyma, wadda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1968, kuma har a allon da ba ya nuna komai sai haruffan tafireta, takan jera gajerun layuka don ta raba sama da ƙasa. Kwamfuta ba ta da buƙatar wannan ado, don idon mai karatu kawai aka yi shi.

Wanda ya fi zurfafa bincike a nan shi ne Donald Knuth. A 1977 ya ga yadda maɗaba'a ta tsara sabon bugun littafinsa, abin bai yi masa daɗi ba, sai ya zauna ya ƙirƙiro TeX, manhajar tsara rubutu don bugawa. Yau manhajojin lissafi irin su Maxima da Maple da Mathematica duk suna iya fitar da amsa cikin tsarin TeX. Abin mamaki, rabin kyan rubutun yana cikin wurin da ba a rubuta komai ba. TeX na da awon da ya kai kusan faɗin babban harafin M, ta raba shi gida 18. Alamar tarawa tana samun gida 4 dama da hagu, alamar daidai gida 5, domin ita ce ke raba magana biyu. Bambancin gida ɗaya ne tak, amma da shi ido ke gane inda zai tsaya.

Alamar ɗebewa ta fi ɗaukar hankali. Idan ta faɗo tsakanin lambobi biyu, a ba ta fili ta miƙe. Idan kuma ita ce a farko, ko ta biyo bayan buɗe baka, sai ta manne da lambar da ke gabanta. Siffarta ba ta canja ba. Maƙwabtanta aka duba kafin a yanka mata wuri.

Haka Allah Ya tsara zaman mutane. Maigidan da ake shimfiɗa wa tabarma a zaurensa, yara su ja baya idan zai wuce, shi ne dai zai je gaban mahaifinsa ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Malamar da ɗalibai ke miƙewa idan ta shiga aji, a gidan biki ita ke miƙa wa goggonta ruwa. Babu abin da ya ragu a darajarsu. Rikici kan taso ne daga mai neman filin zaurensa a zauren wani, kamar yadda alamar ɗebewa da aka ba tazarar da ba tata ba kan sa mai karatu ya shiga neman lambar da babu ita.

Akwai kuma lokacin ƙunci. Idan lissafi ya hau kafaɗar wani harafi, haruffa masu awo 10 sukan koma 7, na samansu kuma 5. A can TeX takan janye filin alamar tarawa gaba ɗaya, har alamar daidai mai gida 5 ta haƙura da nata, kowa ya matsa don sauran su samu shiga.