Ina Aka Rubuta Sunan Kakanka?

Karatu: Nehemiya 7:5 da 61-65

'Yan'uwa cikin Kristi, kwanakin baya wani saurayi ya zo wurina bayan sujadar safe, ya ce yana neman labarin kakansa. Ya ji a gida cewa tsohon nan shi ne na fari da ya ba da gaskiya cikin zuriyarsu, an kuwa yi masa baftisma a wani rafi kusa da garinsu. Yana so ya san shekarar, da wanda ya yi masa. Muka tafi tare har majami'ar garin, dattawa suka fito mana da akwatin ƙarfe. Da muka buɗe, sai muka tarar gara ta riga mu. Bango ya ragu, da warka shida ko bakwai daga baya. Saurayin bai ce kome ba, amma na ga idonsa ya kawo ruwa.

Abin nan ya tuna mini da Nehemiya. Sa'ad da aka gama ganuwar Urushalima, ya sami littafin asali na waɗanda suka fara komowa daga bauta. Waɗansu daga cikin firistoci suka nemi sunan gidansu ciki, ba su samu ba, aka fitar da su daga aikin firist. Ashe rubutun suna ba ƙaramin abu ba ne a wurin mutanen Allah.

Ba mu kaɗai ke da wannan wahala ba. A ƙasar Ingila, inda Ekklesiyar Baftis ta yi tsiro, mutane da yawa suna neman kakanninsu yau, kuma wanda kakansa ɗan Baftis ne ya fi shan wuya. Dalilin wuyar nan shi ne abin da nake so mu duba, gama akwai koyarwa ciki.

Tun shekara ta 1538 aka yi doka a Ingila cewa kowace majami'ar Ekklesiyar ƙasa, watau Angilikan, ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Da yake jarirai ake yi wa baftisma, littafin baftisma ya zama kamar littafin haihuwa na dukan gari. Mai neman kakansa sai ya buɗe, ya ga sunan yaro da na ubansa, ya bi baya tsara bayan tsara. Amma a shekara ta 1609, a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, waɗansu Ingilishi masu gudun tsanani tare da John Smyth suka ce baftisma ta wanda ya ba da gaskiya da bakinsa ce. Thomas Helwys ya komo da kaɗan daga cikinsu Landan wajen 1612, suka kafa ekklesiya, shi kuwa ya mutu a kurkuku. Daga lokacin nan 'ya'yan masu bin wannan hanya suka fara ɓacewa daga littafin gari. An haifi yaro, ba a kai shi wurin firist ba, ba wanda ya rubuta shi. Za ka bi zuriya shekara ɗari lafiya lau, sai sawu ya ɓace maka kamar na mai tafiya da ya hau kan fā.

To, ina za a same su? Sai a nemi ɗakin sujadar da suke taruwa, a koyi labarinsa. Wannan ma ba da sauƙi ba, domin da fari ba su da gini. Dokar 1664 ta hana mutum fiye da biyar, banda mutanen gida, su taru domin sujada a waje da Ekklesiyar ƙasa. Suka riƙa taruwa cikin rumbuna da dazuzzuka da ɗakunan baya. John Bunyan na Bedford ya yi shekara goma sha biyu a kurkuku, daga 1660 zuwa 1672, saboda ya ƙi barin wa'azi. Sai a 1689 aka ba su izinin sujada a fili, amma tsoro bai fita zuciyarsu nan da nan ba. A Monksthorpe, cikin yankin Lincolnshire, akwai wani ɗakin sujada da aka gina a 1701, can nesa da gari, an yi shi kamar ɗakin ajiyar hatsi domin kada mai wucewa ya kula. Ramin baftismarsu yana waje, cikin fili. Yana nan har yau.

Abin da kowace ƙaramar ekklesiya irin wannan take da shi, shi ne littafin ekklesiya. Ciki magatakarda yakan rubuta ranar da mutum ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaidarsa, da ranar baftismarsa, da ranar da aka karɓe shi. In ya ƙaura, sai a ba shi wasiƙar sallama zuwa wata ekklesiya, a rubuta wannan kuma. Da wasiƙun nan ake bin mutum daga ƙauye zuwa ƙauye. Amma in yi muku gargaɗi: littafin ba ya rufa asirin kowa. Wanda aka hore shi saboda shan giya, ko faɗa da maƙwabci, ko ƙin zuwa sujada wata da watanni, yana ciki da sunansa. Mutum yakan tafi neman waliyyi cikin kakanninsa, ya komo da labarin mashayi. Ni dai ban ga abin kunya a nan ba, gama sau da yawa bayan warka biyu ko uku sai ka tarar an rubuta cewa ya tuba, an maido shi.

Bari mu ɗauki mutum guda mu bi sawunsa, wanda da yawanku kun ji sunansa, watau William Carey. An haife shi a 1761 a ƙauyen Paulerspury, iyayensa 'yan Angilikan ne, har ubansa ya zama magatakardan majami'ar garin. Saboda haka mafarin labarinsa yana cikin littafin gari. Aurensa ma, a 1781, a majami'ar Angilikan ta Piddington aka ɗaura shi. Kada wannan ya ruɗe ku: daga 1754 har 1837 doka ba ta yarda da auren da aka ɗaura a ɗakin sujadar Baftis ba, dole kowa ya je wurin firist na gari, sai Yahudawa da jama'ar Kweka kaɗai aka ɗauke wa. Wanda ya tsaya ga littattafan gari kawai zai ce Carey ɗan Angilikan ne har mutuwarsa. Amma a watan Oktoba 1783 John Ryland ya yi masa baftisma cikin kogin Nene a Northampton. Daga nan sai ka koma ga ƙananan ɗakunan sujada. Littafin ekklesiyar Olney ya nuna ya nemi a karɓe shi a 1785. Suka saurari wa'azinsa, ba su gamsu ba, suka sa ya jira har shekara ta kewayo kafin su aike shi. Ku pastoci matasa da dattawa suka ce muku ku dakata, ku riƙe wannan. Sa'an nan ka same shi a Moulton, yana ɗinkin takalma yana kiwon ƙaramin garke, sa'an nan a Leicester a 1789. Ran 2 ga Oktoba 1792, a ɗakin wata gwauruwa a Kettering, shi da 'yan'uwansa suka kafa ƙungiyar aika masu bishara, abin da suka yi alkawarin bayarwa ran nan fam 13 ne da sule 2 da sisi. A 1793 ya tashi zuwa Indiya, can ya mutu a 1834. Kun gani, rabin da ya fi muhimmanci cikin ransa ba ya cikin littafin gari ko kaɗan.

Wani lokaci littafin da kansa yakan yi hijira. A Ilston, cikin ƙasar Wales, John Myles ya kafa ekklesiya a 1649. Da tsanani ya tashi bayan 1660, ya ƙetare teku zuwa Amurka, littafin ekklesiyar ya bi shi. Ginin ya rushe tuntuni, amma sunayen suna nan, a wancan hayin teku. Mutumin Wales mai neman kakansa na zamanin nan, littafin da zai taimake shi yana Amurka.

Daga baya abin ya yi sauƙi. Tun 1742 aka buɗe wurin rubuta haihuwar 'ya'yan waɗanda ba na Ekklesiyar ƙasa ba a ɗakin karatu na Dr Williams a Landan, ga masu so. Ran 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwar kowa da kowa, ta kuma tattara tsofaffin littattafan haihuwa da jana'iza na ɗakunan sujada da yawa. Amma littattafan ekklesiya na ainihi ba su shiga ciki ba. Waɗansu suna ajiye yanzu a ɗakin karatu na Angus a Oxford, waɗansu a ma'ajiyar takardu ta gundumomi, waɗansu kuwa sun lalace a gidajen magada, kamar namu na cikin akwatin ƙarfe.

Mu ma sawunmu yana bin ƙananan majami'u haka nan. Thomas Bowen, ɗan Baftis na Amurka, ya sauka ƙasar Yarabawa a 1850, ya zauna Ogbomosho a 1855. Daga can 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa suka hauro Arewa da bangaskiyarsu, musamman bayan dogo ya kai Kano a 1911. Suka fara sujada cikin zaure da rumfa a unguwannin baƙi, daga baya Bishara ta fita zuwa ƙauyukan mutanenmu. Wanda yake neman kakansa a nan, dole ya tambaya wace majami'a ce ta haifi wace, wane mai bishara aka aika daga ina.

Yanzu ga abin da ya kama zuciyata. Me ya sa sunan ɗan Baftis ba ya shiga littafin ekklesiya ran haihuwarsa? Domin iyayenmu cikin bangaskiya sun gane cewa ba a gadon ceto kamar gona. Muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, gaskiya ne kuwa, amma Yohanna Mai Baftisma ya tsauta wa waɗanda suka dogara ga zamansu 'ya'yan Ibrahim (Matiyu 3:9). Na san gidaje inda kaka ya sha jifa saboda sunan Yesu, aka hana shi mata, aka ƙwace masa gona, jikansa kuwa yana alfahari da wannan labari a kowane taro, amma shi kansa bai taɓa tsayawa gaban ekklesiya ya ce ya tuba ba. Sunan kakansa yana warka ta fari, nasa ba ya ko'ina. Ya ɗan'uwa, in haka kake, me labarin kakanka zai amfana maka a ranar da za a buɗe littattafai gaban kursiyin (Ru'ya ta Yohanna 20:12)? Wancan littafi gara ba ta cinsa, ba kuwa a shiga cikinsa da sunan wani.

Duk da haka kada magatakardan ekklesiya ya fake da wannan ya yi sakaci. Ubangiji da kansa ya sa aka rubuta littafin tunawa domin masu tsoronsa (Malachi 3:16), Bulus kuma ya cika sura guda da sunayen talakawan masu bi (Romawa 16). Ina roƙonku, cikin watan nan ku fito da littattafanku ku duba. Ku ɗauke su daga ƙasa, ku kwafe wanda ya tsufa cikin sabon littafi, ku ɗauki hoton kowace warka ku ajiye wani wuri dabam. Ku rubuta cikakken sunan mutum, da na ubansa, da garinsa, da wanda ya yi masa baftisma, da ruwan da aka yi ta ciki. Ku zauna da tsofaffinku tun suna da rai, ku rubuta abin da suka tuna.

Haka muka yi da saurayin nan. Dattawa suka kai mu wurin wata tsohuwa makauniya a ƙarshen gari, wadda take yarinya sa'ad da aka yi baftismar fari a rafinsu. Shekarar ta ɓace mata, sai dai ta ce da kaka ne, bayan an yanke gero, su bakwai ne suka shiga ruwa. Ta lasafta su a yatsunta ɗaya ɗaya, sunan kakansa shi ne na huɗu. Ya rubuta dukan bakwai ɗin, ya ba magatakarda. Shi kuma ya shiga ajin baftisma, za mu kai su ruwa ran Lahadi ta biyu ga wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.