Darasi: Tafiyar Zumunci, Daga Maiduguri Zuwa Gidan Tsoho

Abin karatu: Farawa 45:16 zuwa 46:30

Da asuba muka bar gida a Maiduguri, garin bai gama wayewa ba, muka nufi filin jirgin sama. Kafin hantsi ya ɗaga mun sauka Abuja. Daga nan mota ta kai mu tashar Idu, muka shiga jirgin ƙasa, wanda ya fara aiki a 2016, ya yi ta tafiya da mu har Rigasa ta Kaduna. La'asar ba ta yi sanyi ba muna durƙushe gaban tsohonmu muna gaisuwa. Shi kuwa tun shekarun tashin hankalin da ya faro a 2009 ya bar Borno, bai sāke komawa ba.

Da muka ba shi labarin hanya sai ya yi dariya, ya tuna mana cewa yana saurayi lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Maiduguri a 1964, bayan ta taso daga Kuru kusa da Jos, ta bi ta Bauchi da Gombe. A zamanin nan mutum ya kan kwana cikin jirgi, ya sauka da ƙura har cikin kunne, duk da haka kowace Kirsimeti yana gida. Jirgin nan ya daɗe da daina zuwa Maiduguri. Sa'an nan tsoho ya tambaye mu, ba da faɗa ba, ko mun san shekara nawa ke nan rabonmu da shi. Muka ƙirga, huɗu ne. Kunya ta rufe mu, gama tafiyar da muka yi ta ɗagawa ba ta ci ko yini guda ba.

Bari mu duba karatunmu. Yusufu yana da shekara 17 aka raba shi da ubansa, ba su sāke haɗuwa ba sai bayan wajen shekara 22. Sa'ad da ya sami iko a Masar ya aika wa Yakubu da kekunan ɗaukar kaya, da jakai goma ɗauke da albarkar ƙasar, da jakai mata goma ɗauke da hatsi da guzuri. Aike ne na ɗa mai hankali, kuma ya yi amfani, gama da fari Yakubu bai gaskata bakin 'ya'yansa ba, sai da ya ga kekunan nan zuciyarsa ta farfaɗo. Amma mu lura da abin da ya biyo baya. Yusufu shi ne na biyun Fir'auna, yunwa kuwa tana cikin shekararta ta biyu, aikin rabon hatsi duka yana wuyansa. Da ya aiki wakili ya taryi tsohon, ba wanda zai ga laifinsa. Shi da kansa ya shirya karusarsa ya tafi Goshen, ya rungumi ubansa, ya daɗe yana kuka.

A nan ne darasin ya kama mu. Mu ma muna aike. Ƙarshen wata mu tura kuɗi ta waya, mu buga mu ji murya, mu ce mun sauke nauyi. Kuɗin yana sayen magani da masara, kada kowa ya raina shi. Amma ta waya ba mu ga yadda idon tsohonmu ya dushe ba, ba mu kuwa san ya daina zuwa sujada domin ciwon gwiwa ba. Bai faɗa mana ba, don tsofaffinmu ba su cika kai ƙara ga 'ya'yansu ba. Sai da muka zauna tabarma ɗaya muka gani. Ubangijinmu Yesu ya tsauta wa Farisiyawa cikin Markus 7 domin sun sami hujja mai kamannin ibada ta hana iyaye hakkinsu. Tamu hujjar ita ce aiki, har da aikin ikilisiya, abin da ya fi ban tsoro ke nan.

Akwai kuma maganar tsoro, ba za mu ɓoye ta ba. Ran 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasa hari a kan wannan hanya ta Kaduna, aka kashe waɗansu, aka kwashe waɗansu zuwa daji watanni. Mutumin Maiduguri ba ya bukatar a koya masa abin da a ke kira hanya mai hatsari. Yakubu ma ya ji tsoro. Yana da shekara 130, zai bar ƙasar alkawari, sai ya tsaya a Biyer-sheba ya miƙa hadaya. Da dare Allah ya yi magana da shi, ya hana shi jin tsoro, ya ce zai tafi tare da shi. Amma cikin alkawarin nan har da labarin mutuwarsa, cewa hannun Yusufu ne zai rufe masa ido. Ashe Allah bai ce masa ba abin da zai same shi. Rakiya ya alkawarta masa. Saboda haka mu bincika labarin hanya, mu yi tafiya da rana, mu yi addu'a kafin mu ɗauki jaka, sa'an nan mu tashi. Wanda kuɗin jirgin sama ya fi ƙarfinsa, mota tana nan.

Yakubu ya ƙara shekara 17 a Masar kusa da ɗansa, daidai da shekarun da Yusufu ya yi a gida tun fari. Mu ba mu san nawa suka rage wa namu ba. Da za mu tafi, tsoho ya raka mu bakin ƙofa da sandarsa, ya ce kada mu kawo tsaraba in za mu dawo, mu kawo jikokinsa.

Don tattaunawa cikin aji: Me ya sa Yakubu ya tsaya a Biyer-sheba kafin ya wuce? Wane ne cikin danginmu ya fi daɗewa bai ga fuskarmu ba, wace rana kuma za mu sa mu tafi wurinsa?