Tawakkali da Juyawa a Duwatsun Roki

Hanyar keken da ake kira Great Divide ta taso daga Jasper a Kanada, ta ratsa duwatsun Roki har Antelope Wells a iyakar Amurka da Meziko, tafiyar sama da kilomita 4,000, yawancinta tsakuwa da turɓaya. Masu tsere kan shige ta a watan Yuni, amma wasu matafiya na jinkirtawa sai Satumba, lokacin da sauro ya ragu, hanya ta yi shiru. Farashin wannan shirun yana da tsada. Yini ya gajarta, dusar ƙanƙara na iya rufe mashigar Indiana a Kolorado cikin dare ɗaya, wurin da tsayinsa ya haura mita 3,600, kuma kowane hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kusan digiri 6. Mai keke ya hau yana zufa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, sai gangara ta zo iska ta doke shi. Yatsu su sandare har su kasa matsa birki. Idan zafin jikinsa ya faɗi ƙasa da digiri 35, tunaninsa ne ke fara dushewa, wato abin da zai cece shi shi ne sanyin ke fara ci.

Saboda haka nake ganin mafi girman shiri a irin wannan tafiya ba ya cikin jaka. Rigar ruwa, safar hannu ta biyu, faci da famfo, duk wajibi ne. Amma abin da ya fi su shi ne mutum ya yanke wa kansa sharaɗin juyawa tun yana ƙasa, cikinsa a ƙoshe, hankalinsa garau: idan ƙarfe biyu ta yi ban kai ƙololuwa ba, ko hadari ya haɗo daga yamma, na koma. Wanda ya bar wannan shawara sai yana rawar ɗari, ya miƙa ta ga alƙalin da ba ya cikin hayyacinsa.

Wani zai ce ai ajali a rubuce yake, juyawa kuwa raunin tawakkali ne. Tarihin Musulunci bai goyi bayan wannan ba. Sa'ad da Halifa Umar ya doshi Sham ya iso Sarg, aka sanar da shi annoba ta ɓarke, sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da mutanensa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, Umar ya nuna masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Manzon Allah (SAW) kansa, a hijira, ya ɓuya kwana uku a kogon Saur, ya ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, ya kauce wa turbar da aka saba bi. Babu mai cewa waɗannan bayin Allah sun gaza a dogaro da Shi. Tawakkali aikin zuciya ne bayan gaɓoɓi sun yi nasu.

Akwai ƙorafi na biyu, kuma ya fi nauyi: me ya kai mutum dutse a irin wannan lokaci? Ba jefa kai ga halaka ba ne? Ba kowace kasada ce halaka ba, in ba haka ba da fatake ba su ƙetare Sahara ba. Sai dai falke yana neman abinci ne, mai keke kuwa yana neman nishaɗi da kallon halittar Ubangiji, abu mai kyau amma ba dole ba, don haka haɗarin da ya halatta ya ɗauka ya fi ƙanƙanta. Kuma ba shi kaɗai ke ɗaukarsa ba. Na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan adam ta ceci rayuka, amma takan sa wasu su zarce inda da can sai su juya. Idan aka danna maɓallinta, mutane ne za su fito nema cikin guguwa da duhu, da yawansu 'yan sa kai, kowa da iyalin da ke jiran dawowarsa.