Istiharar Wa Nake Yi?

Ina shago a Kantin Kwari, ina auna wa wata mata shadda, sai 'yata ta kira ni da murya a sanyaye. Jami'ar Bayero ta ba ta gurbi, amma ba na likitanci ba, na ilimin ƙananan halittu. Maki 246 ta ci cikin 400 a jarrabawar JAMB. Tun 2017 aka kawo tsarin CAPS, ɗalibi ne da kansa zai shiga intanet ya danna ya karɓa ko ya ƙi. Wannan dannawar ce ta hana gidanmu barci mako biyu.

Maƙwabcina a kasuwa ya ce ta karɓa kawai, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Yayana ya ce a'a, ta sake zana jarrabawa baɗi, ai sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali. Kowannensu da addini ya zo mini, kuma kowa ya tsinko abin da ya yi daidai da son ransa. Ni ma ban fita ba: tun tana firamare nake kiranta Dakta, har 'yan layinmu a Fagge suka ɗauka.

Sai na koma ga istihara. Buhari ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana koya wa sahabbai ita kamar yadda yake koya musu sura. Raka'a biyu ce ta nafila, sai addu'a. Dare uku na jera, kullum in kwanta ina jiran mafarkin farar riga a asibitin Malam, alhali babu zancen mafarki a hadisin. Gaskiya ba zaɓi nake nema ba. So nake Ubangiji ya sa hannu a takardar da na riga na rubuta.

A dare na uku harshena ya yi nauyi a tsakiyar addu'ar. Mai roƙo kansa yake ambata: addininsa, rayuwarsa, ƙarshen al'amarinsa. To rayuwar wa? Ba ni zan shekara shida ina karatun likita ba, ba ni zan zauna gida shekara guda ƙawaye suna wucewa a adaidaita ba. Kuɗin makaranta da shawara suna wuyana, a kansu zan iya neman zaɓi. Har yanzu ban gane inda haƙƙin uba ya ƙare ba, amma dai wannan "ni" ɗin ba tawa ba ce.

Bayan Asuba na kira ta, na fara koya mata yadda ake yi. Ta sunkuyar da kai.

"Abba, ai a Islamiyya aka koya mana. Na yi tun ranar farko."

"To me ya hana ki dannawa?"

"Jira nake ka gama taka."