Gawo da kankana

A gonakin da ke tsakanin Ƙofa da Kusada, har zuwa bakin titin Kano zuwa Katsina a Kankiya, akwai itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa. Da ruwan shuka ya sauka, kuka da tsamiya da ɗorawa suka yi shar, sai gawo ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara. Sai an yi girbi, hunturu ya kawo kai, sannan ya tofo. Ba mai tsayawa kallonsa. Amma a ce yau an yanka kankana a kasuwa an ga zane mai kama da sunan Allah a cikinta, kafin la'asar hoton ya karaɗe WhatsApp da Facebook, kowa na kabbara. A ganina mun kifa lamarin, domin ayar da ta fi ƙarfi ita ce wadda take maimaituwa kowace shekara ba fashi, kuma sabo ne kawai ya rufe mana ido.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin haka. A cikin Ummul Barahin, littafin tauhidin Shehu Sanusi na Tilimsan wanda ya rasu a 1490, an raba hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Cewa wuta tana ƙuna, hatsi yana ƙosarwa, duk hukuncin al'ada ne. Mun ga abu yana bin abu har muka ɗauka dole ne, alhali hankali bai wajabta ba. To in haka ne, zangarniyar geron da ta fito daga ƙwaya ɗaya tana buƙatar Mai iko daidai da yadda mu'ujiza take buƙatarsa. Shi ya sa da Alƙur'ani zai kira mutane su yi tunani, ya nuna musu raƙumi a Suratul Gashiya, ya nuna musu nono da ƙudan zuma a Suratun Nahli, abubuwan da ke ƙofar gidan kowane Balarabe.

Wani zai ce ai ilimin zamani ya riga ya warware sirrin gawo, saura me? Gaskiya ne, an san saiwarsa tana nitsewa ƙasa sosai ta kamo ruwa da rani, tana kuma ƙara wa ƙasa taki. An san ganyen da ya kakkaɓe yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke nema, rassansa kuma ba sa tare wa gero rana, shi ya sa yabanyar gindinsa ta fi tsawo da duhu. Da rani awaki suna rububin 'ya'yansa. Wannan bayani ƙara wa mamakin nauyi ya yi, tunda yanzu itace da ƙasa da akuya da manomi ne aka gani sun dace da juna.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu ja ita ce ta mai cewa zuciyar ɗan Adam sai da baƙon abu take farkawa. Na yarda da rabinta. Gardi mai wasa da kura, da yara masu tashe cikin azumi da gemun auduga, suna nishaɗantar da jama'a, ba su kuma ce wahayi suka kawo ba. Matsalar tana farawa ne in an rataya imani a jikin baƙon abu, don ranar da aka gano hoton kankanar haɗi ne, mai raunin zuciya yakan yi shakkar abin da ya fi kankana girma, kuma ta wannan kafa boka da ɗan damfara suke shigowa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, Manzon Allah kuwa ya hana su, ya umarce su da salla. Husufin 29 ga Maris 2006, wanda duhunsa ya ratsa Gusau da Katsina da hantsi, masana taurari sun faɗi ranarsa da sa'arsa tun kafin ya zo, kuma hakan bai hana Musulmi tsayawa sallar husufi ba.