Ki Yafe wa Inna, Ki Yafe wa Kanki

Akwai ciwon da wasunmu suka shiga ɗakin aure da shi ba su faɗa wa kowa ba, wato ciwon wadda aka saki uwarta tana ƙarama. A Tozai, Isa ko Sabon Birni, sau da yawa da an yaye yaro sai uba ya karɓe abinsa, alhali a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon ɗiya mace har ta tare gidan miji, muddin uwar ba ta sake aure ba. Yarinya ta tashi hannun kishiyar uwa. Yau ga ta da 'ya'ya biyar, amma a ambaci Inna, sai ranta ya ɓaci.

Ki dubi Asma'u ɗiyar Sayyidina Abubakar (RA). Mahaifinta ya saki uwarta Ƙutaila tun zamanin jahiliyya. Bayan sulhun Hudaibiyya na shekara ta 6 bayan hijira, uwar ta zo Madina wajenta, ko musulunta ba ta yi ba. Asma'u ta tambayi Manzon Allah (SAW), ya umarce ta da ta sada zumunci da ita, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. To ke fa, da taki uwar ke salla?

Yafiya ba cewa ba ce abin da aka yi miki daidai ne. Bashi ne kika sani sarai ana riƙe miki, kika bar wa Allah.

Sai kuma kanki, nan ne wuyar take. Wata har yau tana cewa da ba ta kai wa Baba maganar nan ba, da auren bai mutu ba. Haba 'yar uwa! Shekarunki nawa a lokacin? Alƙalami ma bai hau kanki ba, kuma aya ta 15 a Suratul Isra'i ta tabbatar ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani. Amma shekarun da kika yi da hankalinki kina ƙin gaishe ta, wannan kam naki ne. Ki tuba, ki nemi gafararta, ki karanta aya ta 53 a Suratuz Zumar, ki daina dukan zuciyarki da abin da Allah Yake gafartawa.

Kada ki ce sai an samu lokaci. Tun 2019 rashin tsaro ya tarwatsa gidaje a yankinmu, wasu iyayen sun ƙetara jihar Maraɗi. Ki nemi lambarta yau. In ta riga mu gidan gaskiya, ki yi mata addu'a da sadaka, ki riƙa leƙa ƙawayenta da ƙannenta.